Shafin Rigar Alhaji Maitama

Mahaifina, Alhaji Maitama, ya haura shekara arba'in yana sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak ya yanke hukunci a kaina, bai sake waiwayar maganar ba. Ina da shekara goma sha biyar ya sa na rufe ido, ya ajiye mini shadda biyu a kan benci, ya ce in taɓa in nuna masa ta gaske. Na nuna. Ya sauya musu wuri, na sake nunawa. Sau uku ana yi, sau uku ina zaɓen jabu, da ƙarfin gwiwata kuwa, har da gyaɗa kai. Sai ya juya wajen maƙwabcin shagonsa ya ce, "Ja'afaru ba shi da hannu. A bar shi ya yi boko." Ba cikin faɗa ya yi maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ƙanena Abdulgani ya gaji shago, ni kuma na gaji jakar makaranta.

Bokon ne ya yi ta tura ni har ya jefo ni Kuala Lumpur, inda nake digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, a kan yadda ruwan sama ke bin magudanai a manyan birane. In aka tambayi Baba inda nake, cewa yake yi, "Yana Maleshiya yana karatun kwata." Ban taɓa samun bakin musa masa ba. Shekarata talatin da takwas, ga mata, ga 'ya, ga furfura ta fara leƙowa a haɓa, amma ba zan ɓoye ba: da za a ce in zaɓa tsakanin takardar digirin da kalmar "ka yi hannu" daga bakin Baba, da sai na yi dogon tunani, kuma ba na jin jami'a za ta ji daɗin amsar.

Saboda haka na zama mutum mai taɓe-taɓen yadi. Labulen ofis, mayafin teburin ɗakin taro, kujerar tasi, babu wanda ya tsira. Akwai ranar da na murza hannun rigar malamin da ke duba aikina, yana tsaka da yi mini bayani, sai da ya ja da baya. Matata Bashira ta ce ita ta daina fita kasuwa da ni, tunda ba a san ranar da zan kama gyalen matar wani ba.

Wata Asabar ta aike ni Brickfields, unguwar Indiyawa, sayen kayan yaji. Ina fitowa daga shagon ruwa ya kece, ni kuma masanin ruwan sama ban fito da laima ba. Na faɗa wani ɗan lungun shago da ke sayar da tsofaffin sari na matan Indiyawa, irin waɗanda iyalai ke fitarwa in sun tashi daga tsohon gida. Mai shagon wani dattijo ne da ya fi mai da hankali kan rediyonsa fiye da ciniki. Na tsuguna gaban wani akwatin ƙarfe ina tura hannu cikin kaya don kada a ce fakewa kawai na zo yi, sai yatsuna suka gamu da wani abu a can ƙasa. Sanyi gare shi, ga nauyi, ga laushi, duk a lokaci ɗaya.

Na jawo shi. Ƙyalle ne da bai fi tsawon bayan mutum ba, ƙasansa a zagaye, samansa da 'yar yanka kamar wuyan riga. Launinsa ja mai duhu irin na zoɓon da aka jiƙa ya kwana, da zaren zinariya da ya dushe. Na yi masa duk abin da na ga Baba yana yi: na damƙe na saki, na goga a bayan kunne, na murza kusa da kunnen in ji kukansa. Na ce da dattijon ko zan iya zare zare ɗaya daga gefen da ya yage in ƙona. Ya ce, "Boleh, boleh," wato an yarda, ya miƙo ashana ba tare da ya kalle ni ba. Zaren ya ci wuta a hankali, ya ba da ƙauri irin na babbaka, ya zama toka mai murmushewa, bai dunƙule kamar leda ba. Alharini ne na gaske.

Da na isa gida Bashira ta karɓi ledar yaji, ta dubi ɗayar ledar ta ce, "Abban Ihsan, wannan kuma tsumman wa ka kwaso mana?"

Na shimfiɗa shi a kan gado na soma karatu. A tsakiya an saƙa hoton rago a tsaye, ƙafarsa ɗaya riƙe da sanda mai tuta. Kewaye da shi zangarniyar hatsi da 'ya'yan inabi, sai kuma wani ɗan ƙulli mai reshe huɗu da aka yi ta maimaitawa daga sama har ƙasa. Ni dai ina ganinsa na san abin da na gani. Ƙullin nan dagin Arewa ne, wanda ke jikin hulunanmu da ƙofofin gidajenmu. Ragon kuwa na layya ne, ko makaho ya shafa ya san haka. Ke nan wani Bahaushe ne, ko wani da ya zauna da Hausawa, ya sa aka saƙa shi, fatauci ya kawo shi wannan nahiya tun zamanin da.

Bashira ta sunkuya ta duba. "Ragon layya ba ƙaho?"

"Ƙarami ne."

"In bai isa fitar da ƙaho ba ai bai isa layya ba. Wannan faifan da ke bayan kansa fa?"

"Rana ce take fitowa. Safiyar Sallah ce."

"Tutar fa? Ko shi ma ɗan siyasa ne?"

Na ce mata ilimin yadi gadonmu ne, ba a gidan malaman firamare ake koyonsa ba. Ta ce haka ne, ta ji labarin gadon. Ta wuce kicin tana 'yar waƙa, ni kuma na yi kamar ban ji ba.

Dabarata ita ce wannan. Babbar Sallah ta ƙarato, kuma abokina Shafi'u, wanda ke karatun kwamfuta a jami'armu, zai tafi gida ranar Alhamis ta makon sama. Baba yana da wata babbar riga fara ta saƙi da yake ji da ita, wadda shafinta ya tsufa. Shafi shi ne alharinin da ake bi bakin hannun riga da shi ta ciki, wanda ke bayyana in mutum ya naɗe hannun a kafaɗa. Zan sa a yanka gefunan ƙyallen nan dogo-dogo, Shafi'u ya kai, telan Baba ya ɗinka. Ragon kuma in sa shi a gilashi in rataya a falo. Ranar idi duk wanda ya ga Baba ya jefa hannun riga a kafaɗa zai tambaya, shi kuma dole ya ce, "Ja'afaru ne ya zaɓo."

Ban iya jira ba. Washegari da la'asar, lokacin safiya ce a Kano, na kira shi ta bidiyo. Kamar kullum, abin da nake gani hularsa ce da rabin goshinsa da silin ɗaki. Na ɗaga ƙyallen ina juya shi, ina zuba bayani a kan dagi da rago da fataken da.

"Baba, kana gani kuwa?"

"Na gani, na gani. Ma sha Allah."

"Ka ga dagin? Ga shi nan a jere."

"Na gani. Ka turo in taɓa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, amma ni na ɗauke shi na kai shi nesa. Alhaji Maitama ya ce ma sha Allah a kan yadin da na zaɓa. Ranar ko abinci ban ci da yawa ba.

Ran Juma'a bayan masallaci muka zauna a mamak, wato gidan abincin da ɗalibanmu ke taruwa, inda ake shan shayi mai kumfa ana gyara Nijeriya. Na bari sai da aka cika, sannan na fito da hoton a waya. Ban tsaya a rago ba. Kafin shayina ya huce na riga na ɗora Bahaushe a kan raƙumi daga Kano, na sauke shi a Makka, na sa shi a jirgin ruwa, na aurar masa da 'yar sarkin Melaka, tsohon birnin fatauci na Maleshiya.

Shafi'u ya riƙe baki. "Wallahi Dakta, this one na serious discovery. Ka bar maganar kwatar nan, ka yi publishing wannan kawai."

Wani ya ce a sa ni cikin masu jawabi ranar al'adu ta ƙungiyar ɗalibanmu. Na ce zan duba lokacina, alhali a zuci har na zaɓi hular da zan sa.

Ran Litinin na koma Brickfields wurin Anti Filomina. Wata dattijuwa ce Ba'indiya Kirista, tela, wadda ke yi wa Bashira da 'yarmu Ihsan ɗinki tun zuwanmu. Shagonta a saman wani gidan abinci yake, kullum cikin ƙamshin miyar kori da ƙarar keke. Na fi amincewa da almakashinta fiye da na kowa a garin. Muka gaisa, ta tambayi Ihsan, na fito da ƙyallen na ce ina so a fitar mini da dogayen yanka guda huɗu daga gefe.

Ta ɗauki almakashi, ta warware ƙyallen da hannu ɗaya, sai ta tsaya. Ta mai da almakashin cikin aljihun tebur ta rufe. Ta kwashe kayan da ke kan teburin, ta je ta wanke hannu, ta shimfiɗa farin yadi, sannan ta ɗora ƙyallen a kai. Ta taɓa goshinta da ƙirjinta da kafaɗunta biyu. Ni kuwa ina tsaye ina jin daɗi, na ɗauka ingancin alharinin ne ya ratsa ta.

"Malam Ja'afar," ta ce, "wannan ba zan iya yanka shi ba, lah."

Na ce in wahalar aikin ce, ta ɗauki lokacinta zuwa Laraba.

Ta ce ba wahala ba ce. Ta tambaye ni ko na san mene ne. Na gyara tsayuwa na fara ba ta labarin fataken Kano. Ta saurare ni har ƙarshe, don mace ce mai haƙuri. Sannan ta ɗaga ƙyallen a hankali ta kara shi a bayanta, 'yar yankar nan ta zauna daidai wuyanta. Ta ce bayan riga ce, irin wadda limamin coci ke ɗorawa a kan kayansa in zai ja gaba wajen ibada. Ragon, a wurinsu, Yesu yake nufi, wato Annabi Isa, alaihis salam. Alkamar da inabin kuma gurasa da abin shan da suke rabawa ne a cikin ibadar. Ta ce kakarta 'yar Melaka ce, ita ke wanke kayan cocinsu tana gyarawa, kuma ta sha ba su labarin irin waɗannan riguna da ake cewa a ƙasar Sin aka saƙa wa limaman Turawan Fotugal. Ba ta san shekarun wannan ba, amma ta tabbata ya girmi kakar tata.

Na ce, "Anti, wannan ƙullin dai namu ne. Dagi muke ce masa."

"A wurinku, ƙila. Amma duba, ƙafarsa ta ƙasa ta fi sauran tsawo."

Na duba. Ta fi tsawo. Duk ɗin su, daga sama har ƙasa, ƙafarsu ta ƙasa ta fi tsawo. Gicciye ne aka yi wa ado da lanƙwasa.

Sai ta nuna bango da haɓa. A saman kujerar da nake zama duk lokacin da na rako Bashira akwai kalandar cocinsu. A jikinta ga rago marar ƙaho, ga faifai a bayan kansa, ga sanda da tuta. Shekara uku ina zama a ƙarƙashin ragon nan ina danna waya.

Kunya takan sa wani ya yi shiru, ni kuwa fushi take sa ni. Na naɗe ƙyallen na ce ai ba ita kaɗai ce tela a Kuala Lumpur ba. Ta ce gaskiya ne, ta kuma roƙe ni kada in ninke shi a kan tsohon ninki, zai karye. Na sauko daga benen ina huci, amma sai da na tsaya a ƙasa na sake ninkin yadda ta ce.

A cikin jirgin ƙasa na monorel zuwa Titiwangsa abin ya soma bayyana mini filla-filla. Na hango Baba a filin idi, a sahun gaba inda ya saba tsayawa, ya jefa hannun riga a kafaɗa, gicciye sun jeru reras daga wuyansa zuwa ƙugu. Na hango wani mai ido ya matso ya duba. Na hango an tambaya wa ya zaɓo, Baba ya ce, "Ja'afaru."

Da na gaya wa Bashira ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Cewa kawai ta yi, "Allah sarki, ashe ba ɗan siyasa ba ne."

Duk da haka ban haƙura ba. Na riga na ce wa Baba zan turo, shi kuma ya ce zai taɓa, kuma taɓawar nan ita nake jira shekara ashirin da uku. Na auna na ga tsakanin layin gicciye da bakin ƙyallen akwai fili kamar faɗin yatsa uku da babu hoton komai. Ba zai isa shafi ba, amma zai isa Baba ya murza a hannu ya san alharini ne. Ba sai na ba shi labarin sauran ba.

Ran Laraba da safe, Bashira ta tafi kai Ihsan makaranta, na ɗauko almakashin kicin na goge shi. Na kife ƙyallen a kan tebur don in yanka ta baya, ragon ya daina kallona. Sai na tuna Baba ba ya sayen yadi sai ya juya bayansa ya bi shi da yatsa, abin da ni ban yi ba saboda ɗokin rago.

Bayan cike yake da gyara. Wajen kafaɗa, inda ya sha gugar jiki har ya yi shara-shara, wani ya bi shi da zare siriri, ɗinki kusa da ɗinki, yadda ta gaba ba za ka taɓa sani ba. Can ƙasa wani hannun ne daban, ɗinkinsa ya fi faɗi, zarensa bai dace da launin sosai ba, ka san mai shi ya nema bai samu ba ya yi da abin da ke akwai. A gefe guda an sa ɗan faci da aka yanko daga wani alharinin. Akwai wurin da kakin kyandir ya ɗiga aka kankare a hankali. Ban san lokacin da na rufe ido ba. Na ci gaba da bi da yatsa, sai na ji wani ɗan tudu a daidai filin da zan yanka. Na buɗe ido ban ga komai ba. Na rufe, ga shi nan. Sai da na kai shi bakin taga na karkata shi sannan na gano wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa, an haɗe ta da ɗinkin da ya fi ƙarfin idona.

Na ƙirga hannu huɗu, mutum huɗu da ba su san juna ba, wataƙila ma wani ya mutu kafin a haifi wani, kowa ya zauna ya tsiyayar da idonsa don kada ƙyallen nan ya rabu biyu. Addininsu ba nawa ba ne, kuma ban ji zuciyata ta karkata ko kaɗan ba. Amma na san wannan aikin. Na ga irinsa a wuyan tsofaffin rigunan da ake kawo wa Baba ya duba, waɗanda yake karɓa da hannu biyu. Ga ni kuma na biyar, da almakashin yanka kaza.

Haka Bashira ta dawo ta same ni zaune. Ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ta ce, "In ka gama da almakashin, miya zan ɗora." Na miƙa mata.

Da azahar na hau benen Anti Filomina. Na yi tanadin jawabin ban haƙuri tun daga jirgi, amma ba ta ba ni dama ba. Ta karɓi ƙyallen, ta duba gefunansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba abin da ya taɓa su. Ta ce za ta kai wa dattawan cocinsu, akwai kuma wata mata da ta san yadda ake adana irin waɗannan kaya. Na nuna mata tsagar da na gano. Ta sa tabarau ta nema ta rasa, sai da na kama yatsanta da gefen farin yadin na ɗora a wurin. Sannan ta ce, "Ka ci abinci? Zauna, makan dulu." Wato in ci abinci tukuna. Na ce na ƙoshi. Ta sa aka ƙunso mini tapau, wato abincin tafiya da shi gida, daga ƙasa duk da haka.

Saura Shafi'u. Ran Alhamis da safe na kai masa saƙon Baba, turare da man zafi, na kuma gaya masa gaskiya tunda ba makawa. Ya zauna a kan akwatinsa ya yi dariya har da tari. "Dakta, so the Bahaushe no marry the princess again?" Kafin jirginsa ya tashi duk ɗalibanmu sun ji, kuma daga ranar sunana ya koma Farfesan Rago. Maganar jawabin ranar al'adu ba wanda ya sake tayar da ita.

Da la'asar na tafi bakin tafkin Titiwangsa na sami benci nesa da masu guje-guje. Na kira Baba, amma ban yi kiran bidiyo ba, ba na son ya ga fuskata. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ƙyallen nan ba zai zo ba." Na ba shi labari tun daga akwatin ƙarfe har kalandar Anti Filomina, ban rage komai ba. Na ce, "Dagin da na nuna maka, ka ce ka gani, ashe gicciye ne. Na sa ka shaidi abin da ba shi ba. Ka yafe mini."



"Ja'afaru," ya ce, "ban ga komai ba ranar nan."

Na ce ai na sani, hoton waya ba ya fita sosai.

"Ba waya ba ce. Idon ne. Tun azumin bara ya soma tafiya, yanzu sai dai in bambance haske da duhu. Ni na hana su gaya maka, kada ka baro karatun kwatarka ka taho ka zauna kana kallona."

Na tuna hula da rabin goshi da silin ɗaki. Wata goma sha biyar ina kiran mahaifina ina kallon silin, ina cewa tsofaffi ba su iya riƙe waya ba. Ni da na hango Bahaushe a Melaka daga cikin ƙyalle, ban hango wannan ba.

Sai Baba ya ce, "Bar wannan. Gaya mini yadda yake a hannu."

Na share fuska, na rufe ido. Na ce sanyi gare shi da farko, amma in ka riƙe kaɗan sai ya ɗauki ɗumin hannunka. Ya ce, "Da ka damƙe ka saki fa?" Na ce ya buɗe a hankali, bai yi tsalle ba, bai kuma riƙe tamoji ba. Ya tambayi kukansa, na ce ƙasa-ƙasa ne, kamar ana taka busasshen ganye daga nesa. Ya tambayi zaren tsaye da na kwance, wanne ya fi kauri. Na ce na kwance, kuma zinariyar ba waya ba ce, naɗa ta aka yi a kan wani zaren, don ina jin kaushinta in na bi ta a karkace. Ya ce, "Uhm." Na san wannan uhm ɗin, na sha jin yana yi wa Abdulgani.

Sai na ba shi labarin bayan, da hannu huɗun nan, da tsagar da ido bai gani ba sai yatsa.

"Da ido rufe ka same ta?"

"Da ido rufe, Baba."

"Kuma almakashi na hannunka."

"Yana hannuna."

"Ka ajiye."

"Na ajiye."

Na ji ya gyara zama, na ji ƙarar carbinsa a kan tabarma. Ya ɗaga murya ya kira ƙanena, wanda ashe yana kusa. "Abdulgani, kana ji? Yayanka ya yi hannu."

Ya faɗe ta ne yadda ya faɗi ta farko, ba tare da wani ado ba, sannan ya ce in gaida Bashira da amaryarsa Ihsan, ya miƙa wayar a kashe masa.

Na zauna a bencin nan, ƙato da ni, ina kuka har wata tsohuwa mai motsa jiki ta tsaya ta miƙo mini tishu. Na karɓa na gode. Kafin in kai shi fuska sai na ga ina murza shi tsakanin yatsu.